Kotu Ta Ba Matata Riƙon Yarinya

Ranar da alƙaliya ta yanke hukunci kan jikata, ina zaune a bencin baya ƙarƙashin fankar da ba ta aiki. 'Yata tana gefe guda, tsohon mijinta yana ɗaya gefen, sai yarinyar a kusa da jami'ar walwala, hannunta na hagu a ɗaure.

Uban ya ce daga keke ta faɗo. Likita ya ce bai taɓa ganin keken da ke barin shatin yatsu ba. Lauyan uban ya tuna wa kotu cewa 'yata ta ga irin wannan shatin a baya, amma ta mayar wa uban da yarinyar saboda aiki ya sha mata kai. Maganar likita da ta lauya duka gaskiya ne. Da alama alƙaliya ba ta ga na zaɓe a cikin iyayen ba.

Ta shiga ofishinta da yarinyar, suka daɗe. Da suka fito ta ce yarinya ta zaɓi kakarta ta wajen uwa, kuma kotu ta amince, ta ba kakar riƙo na wucin gadi. Sai ta nemi kakar ta miƙe.

Ba wanda ya miƙe. Matata ta rasu tun bara.

'Yata ce ta ce a gaya wa yarinyar Kaka ta yi tafiya, wai ta yi ƙanƙanta. Ranar da jami'ar walwala ta zo duba gidana ta tambaya ina matar gidan a gaban yarinyar, aka ba ta amsar da ake ba yaro, ta ɗauka. Yanzu 'yata ta sunkuyar da kai, lauyoyi suna kallon juna, magatakarda yana ta kiran kaka a bakin ƙofa kamar ta fita shan iska. Uban ya buɗe baki, na ga in na yi shiru shi zai faɗa, kuma da murmushi.

Na miƙe na ce, "Ranki ya daɗe, ta rasu. Ni ne abin da ya rage."

Alƙaliya ta cire tabarau ta tambaya ko akwai wani mamacin da ya kamata kotu ta san da shi. Ta tambaye ni ko na iya girki, na ce ina raye dai. Ta dube ni kamar wannan ba hujja ba ce, sannan ta ce yarinya ta zauna wajena har zama na gaba, uban kuma kada ya kusanci gidan.

A baranda na durƙusa ina neman kalmomi. Na karanta littattafai da yawa kan mutuwa, babu wanda ya zo mini.

"Amaryata," na ce, "maganar Kaka..."

"Na sani, tsoho. Takalmanta suna bayan ƙofa. Wa ke tafiya ba takalmi?"

Na tambaye ta me ya sa to ta ambace ta. Ta leƙa bayana ta tabbatar ubanta ya sauka daga bene.

"In na ce Mama, zai je gidan Mama. Wajen Kaka kuwa bai san hanya ba."

Ta kama yatsana da hannunta mai lafiya, ta tambaya ko na iya kitso. Na ce a'a. Ta tambaya ko ƙofata tana da sakata. Na tsaya ina tunani, don tun bara ban rufe ta ba.