Dattijo a Cikin Buhu

Tun da hantsi Gazali ya tsayar da amalankensa a ƙofar gidan, sa guda ɗaya da ya rage masa, mai jan amalanken, yana ta lasar igiya. Hamsatu ta riga ta ɗora tabarma biyu, da tukunya, da buhun tufafi, da bido, wato jarkar ruwa, ta zaunar da 'yarta A'i a kan kayan. Sau uku tana shiga gida tana fitowa hannu banza.

"Hamsatu, rana tana yi," in ji Gazali. "San nan ba shi da ƙarfin tsakar rana. In ba ku tashi ba, ni zan wuce."

"Don Allah ƙara haƙuri kaɗan. Baba ne."

A shekarar nan gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Rabin gidajen Attantane an ja musu ƙaya a ƙofa. Mijinta Lawali ya tsallaka Najeriya neman aiki kafin a rufe iyaka, wata bakwai ke nan babu labari. Sojoji na rabon dawa a Mayahi, amma ba su ba mace. Sai maigida ya tsaya da kansa, katin iyali a hannu. Maigidan kuwa shi ne surukinta, Baba Abdussalamu, kuma ya ce babu inda za shi.

Ta same shi bayan rumbun da babu ko ƙwaya a ciki, zaune a kan buzunsa, yana fuskantar ramin da ke gindin rumbun. A bakin ramin ga wani damo kwance, tsawonsa ya kai hannun mutum, fatar wuyansa ta saki, harshe na fita yana komawa. A gidan ba a ce masa damo, sai dai Dattijo. Zuri'ar su Baba ba ta cin damo, ba ta kashe shi, don sun ce shi ya nuna wa kakansu ruwa a daji lokacin da ƙishirwa ta kusa kashe shi. Liman ya sha cewa wannan ba addini ba ne. Baba yakan yi salla a bayansa, ya dawo gida ya zuba fara a sakaina, ya tura wa Dattijo da kan sandarsa.

Hamsatu ta durƙusa, idonta a ƙasa.

"Baba, mai amalanke yana jiranku."

"Shi jira, ko shi tahi. Jiya da la'asar na ga Mai Nasara yana leƙen dangarmu, kuma ba ni yake leƙe ba. In na juya baya, kahin magariba Dattijo yana cikin tukunya."

Kamar an kira shi, sai ga kan Mai Nasara ta saman danga. Ɗan kawunta ne, taubashinta, maharbi, ya yi aure a garin. Ya rame har hular kansa ta yi masa yawa, amma bakin bai rame ba.

"Taubashiya, ku bar mini shi amana. Wallahi zan kula da shi, har da gishiri da barkono."

"Allah shi shirye ka, sarkin kwaɗayi. Sauka daga dangar mutane."

"Ji ta! Ke da muka ci su tare a garinmu Kona, har kina kuka an hana ki wutsiya?"

Kunya ta rufe Hamsatu. Shekara takwas tana gidan nan ba ta bari maganar nan ta fito ba. Baba bai dube ta ba, ya dai gyara zama. Daga waje aka ji Gazali yana buga sanda a jikin amalanke.

"Baba," ta ce da sauri, "in an sa shi a buhu fa, mu tahi da shi?"

Tsohon ya dubi ramin. "Wa zai sa shi? Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa kai mishi hannu ba."

"Abu mai sauƙi," in ji Mai Nasara, ya riga ya zagayo ya shigo. "Hannu guda a ƙeya, guda a gindin wutsiya, a ɗaga. In ba haka ba, ko ya cije ka ko ya zane ka da wutsiya."

"Ba a shaƙe babba a gidana."

Hamsatu ta ruga waje. A cikin tukunya akwai ƙwan zabo guda ɗaya da ta ɓoye wa A'i don hanya. Ta ɗauko shi ba ta dubi yarinyar ba, ta zazzage tufafi daga buhu, ta dawo. Ta shimfiɗa buhun, bakinsa a buɗe, da niyyar jawo Dattijo ciki da ƙwan. Sakainar tana gefen Baba, sandar ma tana nan. Amma maganar wutsiya tana ci mata rai, tana so tsohon ya ga ba ta raina abin gidansu ba. Sai ta durƙusa kamar yadda take yi in za ta miƙa wa Baba tuwo, ta fasa ƙwan a tafinta, ta miƙa da hannu biyu.

"Ke! Ba da hannu ba!" in ji Mai Nasara.

Dattijo ya yi sati bai ga fara ba. Bai tsaya bambanta ƙwai da yatsa ba. Ya kama ta a tsokar da ke gindin babban yatsan dama, ya datse.

Ba ta yi ihu ba, don gaban suruki ne. Wani sauti dai ya fito mata ta hanci, ta fizge hannun, damon ya biyo, faratansa na kartar ƙasa. Jini ya gangaro ya haɗu da gwaiduwa.

"Innalillahi! Ya kama ke nan," in ji Mai Nasara. "Mutanen dauri sun ce in damo ya kama ba ya saki sai ya ji tsawa."

Baba ya ɗaga kai. Sama fara tas, rabonta da girgije wata biyu. Mai Nasara ya zaro wuƙa daga ɗamararsa, wasan ya bar fuskarsa.

"Baba, ku ba ni izini. Sara ɗaya ne."

Tsohon ya dubi hannun, ya dubi Dattijo. Hamsatu ta san surukinta. In aka yanka abin nan a gabansa, ba zai tashi daga buzun ba, ko da sojojin ne suka zo da kamyonsu, babbar motar nan, har ƙofa.

"Mai da wuƙarka," ta ce, haƙoranta a cije.

"Hannunki ne fa, mahaukaciya!"

"Na ce mai da ita."

Gazali ya shigo da niyyar yin sallama ya tafi, sai ya ga abin da ake ciki. Ɗan makiyaya ne, ya taɓa raba damo da karensa a daji.

"Kada ki ja! In kin ja yage naman zai yi. Sauke hannun ƙasa, bi shi duk inda ya yi. Babu wata tsawa. Ruwa za a nutsa kansa."

Bidon nan guda ne, jiya Hamsatu ta yini a layin rijiya kafin ta cika shi, kuma shi ne na mutum huɗu da sa har Mayahi. Gazali ya yi tsaki, ya fita, ya dawo da shi a kafaɗa da babbar ƙwarya. Ya tuttula kusan rabi.

"Sai an ɗaga shi gaba ɗaya, kada nauyinsa ya rataya a hannunta. Mai Nasara, kama."

Mai Nasara ya tsugunna, hannayensa a buɗe, bai taɓa ba. Ya waiwayi tsohon.

"Kama shi," in ji Baba, da wata murya ƙarama.

Hannu guda a ƙeya, guda a gindin wutsiya. Wutsiyar ta yi bulala sau ɗaya ta sami iska. Suka matsa tare a hankali, Hamsatu na jan gwiwa, har hannunta da kan damon suka nutse. Ruwan ya yi ja. Babu abin da ya faru. A waje A'i ta fara kiran "Inna", san ya yi kuka. Hamsatu tana jin kowane haƙori daban, tana kallon inuwar rumbu da ke ta janyewa daga ƙafar Baba.

"Bai saki ba," in ji Mai Nasara.

"Yana da dogon numfashi. Riƙe dai."

Can sai kumfa ta taso, muƙamuƙin ya saki. Gazali ya zare hannunta, Mai Nasara ya cusa Dattijo cikin buhu da kai, ya ɗaure bakin da igiyar wandonsa.

Gazali ya sa ta kawo guntun sabulun da ke cikin kaya. Ya wanke raunin da sabon ruwa, ya sake wankewa, tana kau da kai tana hawaye. Huda biyu a jere kamar an ɗinka da basilla, ɗaya ta yage.

"Bakinsu ƙazanta ne, mushe suke ci," ya ce yana naɗe mata hannun da gefen zane. "In bai ga likita yau ba zai kumbura ya ruɓe." Ya ɗauki ƙwaryar jan ruwan ya kai wa sansa, san ya shanye tas.

Da suka waiwaya Baba ba ya kan buzu. Ya fito daga ɗakinsa da hula a kai, katin iyali a aljihun gaba, bakin katin ya leƙo. Ya sunkuya ya ɗauki buhun da kansa, ya rungume shi a ƙirji kamar jariri, ya nufi ƙofa.

"To ni ladan kamu fa?" in ji Mai Nasara, yana riƙe da wandonsa da hannu guda.

"Je ka lashe ƙwan da ya zube," in ji Hamsatu.

Gazali ya tallafa wa tsohon ya hau. Ya zauna kusa da A'i, buhun a cinyarsa yana motsi, ya ɗora tafinsa a kai har ya lafa. Hamsatu ta raɓa a can ƙarshen amalanken, inda suruka ta saba zama.

"Matso cikin inuwar kayan," in ji Baba, bai dube ta ba. "Ɗaga hannun sama, kada ki bar shi yana lilo." Ya juya gaba. "Gazali, mi kake jira? Kora san nan, rana tana yi."