Abin da Daneri Ya Bari

Bakoji ya dire ƙwaryar a kan teburin asibitin dabbobi na Birnin Gwari, ya yaye jiƙaƙƙen tsumman da ya rufe ta. Marainan bijimi ne a ciki.

"Na Daneri ne," ya ce. "Da hantsi na yanka shi."

Jemima, ma'aikaciyar wurin, ta san Daneri, farin bijimin da Bakoji ke alfahari da shi, jinin shanun mahaifinsa. Da safiyar nan 'yan bindiga suka kore garken a bakin dajin Kakangi. Daneri ya turje, suka harbe shi, Bakoji ya iske shi da sauran numfashi ya sa masa wuƙa. Saniya ɗaya ta tsira, Wule, don tun jiya take ta kukan neman bijimi, aka ɗaure ta a gida. Kai, duniya! Ranar da take nema, ranar aka kashe shi.

Bara, wajen rigakafi, Jemima ta faɗa wa makiyaya cewa ana iya ɗibar iri daga bijimin da ya mutu, in bai daɗe ba. Bakoji ne ya fi kowa dariya a ranar. Yau ga shi ya tako tun daga ruga, ƙwarya a hannu, Wule a igiya.

Maikuɗi mahauci ya biyo shi tun daga kasuwa, yana tsaye a waje riƙe da igiyar Wule, yana shafa gadon bayanta.

"Bakoji, saniya ɗaya ba garke ba ce," ya ɗaga murya. "Ka sallama mini ita, ka bi iyalinka Kaduna."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi wa Bakoji zafi. In ƙwaryar nan ba ta da rai, yau kiwo ya ƙare a gidansu.

Jemima ta tsaga marainan, ta tatso ɗan farin ruwa, ta gauraya da ruwan gishiri, ta ɗiga a gilashi. Babu wuta, sai ta ja madubin awo bakin taga. Ta daɗe tana kallo.

"Baffa, zo ka gani da idonka."

Bakoji ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Wasu ƙananan abubuwa ne masu wutsiya, kamar talibambam. Yawancinsu a kwance. Masu motsin kuwa kowa ya kama gabansa, wannan gabas, wancan yamma, wani yana ta zagaye wuri ɗaya. Haka shanunsa suka yi da aka buɗe wuta.

"Sun watse," ya ce. "'Yata, rufe abin nan."

"Dakata tukuna. Ruwan nan tsararo ne, ba a cikinsa za su yi tafiyar ba."

Ta fita da safar hannu, ta ɗebo yauƙin da ke zuba daga bayan Wule, mai ja kamar miyar kuɓewa. Bakoji ya kau da kai. Shekara sittin yana ganin yauƙin nan, alamar saniya ta shirya, bai taɓa ɗauka yana da wani aiki bayan wannan ba. Ta shimfiɗa shi a sabon gilashi, ta ɗiga irin a gefensa, suka jira.

"Yanzu fa?"

Ya sake leƙawa. La'ilaha illallahu! Matattun suna nan a baya inda aka ɗiga su. Masu ran sun kutsa cikin yauƙin, sun haɗu biyar-biyar, goma-goma, kai kusa da kai, wutsiyoyi na kaɗawa kusan tare. Wani ya fita, wani ya shigo, amma ayarin bai tsaya ba.

"Wa ya haɗa su?"

"Yauƙin. In ɗaya ya ture shi, sai ya ja ya dawo, ya janyo na kusa. A tsararon ruwa babu abin da ke riƙe su tare."

Bakoji bai ɗago ba. Bai san lokacin da harshensa ya yi ƙaran nan da yake kiran shanu da shi ba, a hankali, sau biyu. Hawaye ya ɗiga a kan madubin, kunya ta kama shi, ya goge da bakin rawani.

"Ba alkawari nake yi ba, Baffa," Jemima ta ce tana haɗa kayan aiki. "Ba su da yawa. Zan sa wa Wule yanzu. In ta yi sati uku ba ta sake neman bijimi ba, wataƙila ta ɗauka. Daga nan wata tara."

"Wata tara a bakin dajin can?" Maikuɗi ya ce daga taga. "Da saniya ɗaya? 'Yan bindigar fa za su dawo."

Bakoji ya sani, kuma yana jin tsoro. Ya fita, ya zare igiyar daga hannun Maikuɗi, ya naɗe ta a nasa, ya dafa wuyan Wule.

"Ɗaga hannunka daga bayanta," ya ce. "Garke zai shiga."