Tagogin Motar Kamal

Abdussalami mai gyaran rediyo ne a Mai Wurno, kuma mutum ne da ba a ba shi shawara. Tun da ƙanensa Kamal ya rasu, direban hafilar nan, motar fasinja mai zuwa Sinnar, mahaifiyarsu Inna Maryamu ta daina zama a ƙofar gida da la'asar. Babu sauran mai wucewa ya yi mata oda.

Sai ya ƙudura zai ƙera mata motar, 'yar ƙarama, da Kamal zaune a ciki yadda za ta riƙa ganinsa. Gwangwanin mai ya yanka ya yi jikin. Ya sassaƙa Kamal da icen nim, wato darbejiya, da farin rawani, hannu a sitiyari, har da karkata kan nan da yake yi. Tagogin kuwa daga murafen kaset ɗin mamacin ya yanko su, 'yan ragowar da aka samu a ɗakinsa.

Gilasan motar Kamal masu ɗan duhu ne. Don haka ya ɗebi sibga, baƙin rinin da matarsa Sakina ke haɗawa da lalle, ya dama da fanis, man ƙyallin katako.

"Abu Najwa, abin ga ƙara baƙi yake in ya sha iska," in ji Sakina, tana kiransa da sunan 'yarsu. "Gwada shi ga wani gutsure tukuna."

"Ke ƙafar amare kika sani. Bar ni da aikina."

Ya shafa ta ciki, ya ga launi kamar ruwan shayi, ya manna tagogi, ya liƙe rufi da gam.

Washegari tagogi sun yi baƙi ƙirin. Ya ɗauko fetur ya goga ta waje, alhali rinin ta ciki yake. Robar ta yi hazo, ta tsattsage. Ya so ya ɓalle rufin, ashe gam ya kama rawanin. In ya ja, kan ne zai biyo.

Haka ya kai mata. Inna ta ɗaga motar saitin rana, ta kai ido ga taga, ta daɗe.

"Yana ciki?"

"Yana ciki, Inna."

"Da ranshi ma haka. Sau nawa na ce mishi ya cire baƙin gilashin nan in riƙa ganin huskarshi in ya wuce? Ɗiyan gidan ga, ba mai jin magana cikinku."

Ta kai motar kunne ta girgiza, ko za ta ji motsi. Babu abin da ya motsa. Abdussalami ya liƙe shi da kyau.