Keken Yaya a Jikin Ƙofar Hajiya

Tun da aka sace wa Yaya kekensa na farko a bakin kasuwa, gidanmu ba a wata hira sai ta kwaɗo. Da keken yake kai burodi shaguna, don haka ranar da ya samu ya sayi wani shuɗi mai ƙararrawa, sai da ya kwashe mu ni da Kawu muka je wurin mai sayar da kwaɗuna.

Kawu ya ɗaga wani kwaɗo mai siririyar waya ya taɓe baki. "Wannan ai ko almakashin Shiru sai ya yanke shi."

Shiru ni ce. Haka ake kirana a gida, don ko taka ni aka yi a mota, ni ce mai ba da haƙuri.

Yaya ya nuna mai lambobi. Kawu ya ce, "Kai da ko lambar wayarka ba ka riƙe ba?"

A ƙarshe suka daidaita a kan wata sarƙa mai kaurin hannun jariri, da kwaɗo kamar dutsen guga. Kawu ya ce kwaɗo rabin aiki ne. A zura sarƙa ta jikin keke, ba ta taya ba, sannan a ɗaure a jikin ƙarfen da ƙato ba zai iya girgiza shi ba.

Ba a daɗe ba Yaya ya gurɗe ƙafa a wurin ƙwallo. Da ƙyar ya yarda ya ara min keken in je shagon da nake koyon ɗinki. Shi da kansa ya rataya min mukullin a wuya.

"Shiru, in keken nan ya ɓata, ki wuce kawai, kar ki biyo ta gidan nan."

Wasa yake yi, amma idonsa ba ya wasa.

Ina isa na fara neman ƙarfe. Na girgiza sandar allon shagonmu, ta yi rawa. Can na hango wata ƙatuwar baƙar ƙofa a jikin bango, kusa da shagon mai walda. Na kama ta da hannu biyu na jijjiga, ko gezau. Na zura sarƙa, na danna kwaɗo, na shiga shago ina jin kaina kamar soja.

Ina cikin ɗinka maɓalli na ji ana ihu a waje. "Keken wa ne wannan? Ina mai keke?" Zuciyata ta ce in leƙa. Da na ji muryoyin maza sun yi yawa, sai na ce ai kekuna da yawa ne a duniya. Na sunkuyar da kai.

Da azahar na fita in gaisa da keken. Babu keke. Babu ƙofa. Bango ne kawai fari fes yana kallona.

Na koma ciki, na sami Anti mai shagonmu tana yankan yadi. "Anti, sun sace keken. Har da ƙofar."

"Wace ƙofa?"

Na nuna mata wurin. Anti ta dubi bangon, ta dube ni, sai ta kece da dariya har tef ɗin awonta ya faɗo daga wuya. Ta ja hannuna zuwa wurin mai faci da ke tsallake.

Mai faci ya yar da tayar da ke hannunsa. "Au, ke ce? Ƙofar sayarwa ce, ’yar nan! Wata Hajiya aka ƙera wa. Mota ta zo ɗauka, aka yi ta cigiya har murya ta dishe, sai suka ɗora ta da keken a jiki yana lilo." Ya share hawayen dariya. "Sabon gidan nan na bayan gidan mai aka kai ta. Ku yi sauri, na ga mai walda ya tafi da injin yanka."

Ban san Anti ta iya gudu ba sai ranar. Takalmi a hannu, mayafi na bin iska, tana gudu tana dariya tana cewa cikinta zai ƙulle.

Muka tarar har an kafa ƙofar. Ga keken Yaya a maƙale, tayoyinsa ba su taɓa ƙasa. Hajiya, wata gajeriyar dattijuwa mai tabarau, tana gwada ƙofarta. In ta tura, keke ya shiga gida. In ta ja, ya fito, ƙararrawa na ƙara. ’Yan kallo sun cika wurin.

Mai walda ya jiƙe sharkaf da gumi. "Hajiya, sarƙar nan ta cinye min faifan yanka. Ki bari in cire sanda ɗaya a ƙofar, in mayar miki."

"Ƙofata sabuwa dal? Wallahi ba ka isa ba."

"To sai dai a yanka keken."

Ya tayar da inji, ya nufi shuɗin ƙarfen nan da Yaya ke gogewa da gefen rigarsa.

"Kai! Kar ka taɓa shi!"

Kowa ya juyo. Har na waiga in ga wadda ta yi maganar. Anti ta dafe ƙirji. "Shiru, ashe akwai lasifika a cikinki?"

Na ratsa mutane, na ciro mukulli daga wuyana, na murɗa. Kwaɗo ya buɗe salin-alin. Keke ya diro a hannuna, aka ɗauki tafi kamar na ci ƙwallo.

Mai walda ya kashe inji. "Ƙanwata, da muna kira ba ki ji ba?"

"Na ji."

"To?"

"Kunya na ji."

Ya riƙe kai ya zauna a kan bokitin fenti. Hajiya kuwa sarƙar take jujjuyawa. "’Yata, ina aka sayi wannan? Irinta zan sa wa ƙofar nan."

Da na ba da labari a gida, Yaya ya yi ɗingishi ya zagaye kekensa yana shafawa, ko ƙwarzane babu. Kawu ya gyara zama, ya ce shi dai ya san ya iya zaɓen kwaɗo.

"Sai dai a ƙara doka ɗaya," in ji shi. "In an sami ƙarfen, a tambaya ko na sayarwa ne."

Yaya ya miƙo min mukullin. "Gobe ke za ki tambaya. Na ji an ce kina da murya."