Ranar da Muka Rufe Taga

Maigidana mai fenti ne, shi yake rubuta allunan shaguna, kuma fentin ne ya cinye masa ƙirji. Da hawa tsani ya gagare shi sai ya kafa tebur a ɗakinmu, yana yi wa autarmu ɗan hoto, kyautar gama karatunta. Irin na littattafan mutanen da ne, ya taɓa ganinsa a wurin wani mai gyaran littattafai. Bai wuce tafin hannu ba: yarinya a gindin bishiya, tsuntsaye a kanta, ganye ya nannaɗe gefe. Da farin ƙwai yake kwaɓa launin. Sararin sama kaɗai ya rage, nan za a shimfiɗa zinare.

Wata safiya ya tashi leɓɓansa sun yi baƙi. Na kira ƙaninsa direba, ya zo da mota.

"Yaya, tashi mu tafi asibiti."

"Sai na sa zinaren."

"Zinaren gudu zai yi?"

"In na hau gadon can, ka san ba lalle in sauko ba. Hoton auta ba zai zauna ba sama ba."

Na yi roƙo, na yi kuka, ko gezau. Sai na gane ba zai shiga motar nan ba sai an gama.

Zinaren ba irin na 'yan kunne ba ne. Falle ne wanda ɓawon albasa ya fi shi kauri, kuma ɗaya ya rage. Iska kaɗan ta ishe shi tashi. Dole aka kashe fanka, aka rufe taga da ƙofa, a ɗakin da mutum yake neman iska ido rufe. Danƙon da ya shafa a hoton ya bushe, sai an hura masa hucin baki ya yi laushi, sannan a ɗora zinaren nan take. Ya sunkuya zai hura, tari ya sarƙe shi.

Da ya lafa ya ce, "Uwar auta, zo ki ara mini numfashi."

"Ni? Hannun da ya saba da ludayi?"

Direba ya ce, "Matar Yaya, bakin nan da kike ƙona ni da faɗa, ai narkar da danƙo ba zai ba shi wuya ba."

Na zauna a kujerarsa, shi yana bakin gado a bayana. Ya ce in goga burushi mai faɗi a kumatuna, maiƙon fuska ne zai kama zinaren. Na goga. Na buɗe baki na yi huci a kan hoton a hankali. Numfashinsa a bayana kamar ana jan zarto. Na kai burushin, zinaren ya tashi ya manne, yana karkarwa.

Sai zarton ya tsaya.

Ɗakin ya yi tsit. In na juya zinaren ya tashi, in na kira sunansa ma zinaren ya tashi. A raina na ce shi ke nan, ya tafi ina riƙe da burushi. Hawaye ya taru, na kau da fuska kada ya ɗiga a kan yarinyar. Na sauke hannu, na danna da auduga, na waiwaya.

Ashe tari yake dannewa, ya toshe baki da hannu biyu, idanunsa sun firfito. Ya sake shi gaba ɗaya. Direba ya banke taga har sakata ta ɓalle.

Maigidana ya ce, "Zinaren ya zauna?"

"Ya zauna. Gefe ɗaya ya ɗan yage."

"Bar shi. To, ku kai ni."

A baya ƙaninsa ya goya shi zuwa mota. Ni na biyo su da hoton a cikin gwangwanin biskit, ko takalmi ban tsaya nema ba.

Da yamma auta ta iso asibiti. Sun sa masa robar numfashi a fuska, ba ya iya magana, sai ya nuna gwangwanin da ido. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, wace ce wannan mai ƙaton goshin?"

Ya harare ta ta saman robar, kafaɗarsa tana motsi don dariya.

A gadon nan ya rasu. Allah ya jiƙansa.