Zoɓon Injiniya Sharfuddeen

Duk wanda ya san Injiniya Sharfuddeen ya san ba ya magana sai da ihu. Shi ne manajan wani dogon gini da kamfaninsu ke yi a bayan unguwar Abu Hail, can ƙasar Larabawa, kuma a ganinsa in ya ƙifta ido siminti ma zai ƙi bushewa. Waya biyu gare shi, ga oba-oba a ƙugu. Abinci a tsaye, barci rabi da rabi.

Ranar da likitan kamfani, wani Balarabe, ya auna jininsa, sai da ya goge tabarau ya sake dubawa.

"Habibi, in jinin nan bai sauka ba kafin awo na gaba, khalas, magana ta ƙare, zan sa a ɗauke ka daga ginin."

Sharfuddeen ya ce ba zai yarda a raba shi da aikin ba, don ginin nan tun daga tushe shi ya raine shi. Amma ƙwayoyin da aka ba shi sai ya watsa su a mota, wai kasala suke sa shi. Ai kowa a Kano ya san maganin hawan jini zoɓo ne.

Matarsa Wasila ta dafa masa, babu sukari, ga tafarnuwa. Ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Wannan ai horo ne, ba magani ba."

"To Baban Najiba, dama magani daɗi gare shi?"

Sai ya gano Uwa, wata mai sayar da abinci a unguwar Deira, wadda zoɓonta ya ji sukari da abarba har yana danƙo. Kullum jarka guda ake kawo masa. Yana ihu yana kurɓa, bakinsa ya yi jawur. Leburori suka ɗauka jini yake tofarwa, suka daina yi masa gardama. Shi kuwa gogan ya ce ga alamar sauƙi nan tun ba a je ko'ina ba.

Ranar awo likita ya ce jinin ya ɗan sauka. Sharfuddeen ya miƙe yana washe baki.

"Shwaiya, shwaiya, bi a hankali," in ji likita. "Kawo yatsa, saura sukari."

Aka soka, aka duba. Sukarin jininsa ya yi sama sosai.

"Me kake sha haka?"

"Magani."

An gudu ba a tsira ba. Hutun dole aka ba shi, aka damƙa ginin a hannun mataimakinsa Salmanu, mutumin da ko kaza bai iya kora ba.

Sharfuddeen ya zauna a gida ya tasa wayoyinsa a gaba, yana jiran a kira a ce komai ya dagule. Shiru kake ji. Da haƙurinsa ya ƙare, ya hau tasi ya je ya sa aka tsaya a tsallaken titi, daura da ginin. Ginin ya ƙaru da hawa guda, tsaf da shi, leburori na ta aiki har da raha. Wannan ya yi masa ciwo fiye da duk abin da likita ya faɗa.

"Yalla, yi sauri, nan za ka sauka?" in ji mai tasi.

"A'a, mayar da ni gida. Ashe ba a nemana."