Shuɗi a Kan Ja

Mai fenti ya durƙusa gaban famfon burtsatse, ya tsoma buroshi cikin jan fenti, ya shafe shi tun daga baki har hannu. Jami'ar hukumar binciken ƙasa tana tsaye a kansa da takarda, gumi yana keto mata.

"Wannan ne na bakwai," ta ce. "Ka cika shi sosai, Malam, yadda ko daga nesa za a gani."

Aikin kwana uku hukumar ta ɗauke shi. Sanarwarta ta watan ta fita a rediyo: an gwada ruwan burtsatse arba'in, an samu gubar dalma a goma sha ɗaya, daga dutsen ƙarƙashin ƙasa take shiga ruwan. Famfo mai shuɗi a sha. Mai ja kuwa ko girki kada a yi da shi.

Mutum ne mai ji da aikinsa. Duk famfon da ya shafa wa shuɗi sai ya zagaya wuyansa da siririn farin zobe. Ba wanda ya sa shi, shi dai haka yake sa hannu.

Da ya koma gida ya zaunar da matarsa.

"Maman Auta, ja ba a sha, ko kyauta aka ba ki."

"Mu da muke ɗiba a famfon makaranta?"

"Wannan shuɗi ne, har zobe na yi masa."

Auta, 'yarsu mai shekara huɗu, ta kama yatsunsa tana ƙirga launuka, ta ce Baba ya zama kala-kala. Suka yi ta dariya.

*

Bayan sati uku mai burtsatse na bakwai ya aiko masa. Da ya je, mutumin ya sa aka kawo masa kujerar roba da lemo mai sanyi.

"Shekara tara ana shan ruwan nan, wa ya mutu? Mutanen ofis ne, sun rubuta sun wuce. Motarsu ɗaya ce, ita ma ba mai. Kai dai ka mayar mini da shi shuɗi."

"Alhaji, ai ba ni kaɗai ne mai fenti ba."

"Kai nake so. Kai mutane suka gani tare da su."

Tun aikin hukumar ko ƙofa ba a ba mai fenti ya shafa ba, ga buhun abinci ya kai gindi. Ya tuna unguwar tana can bayan layin dogo, tafiyar awa guda daga gidansa. Wannan nisan ne ya kwantar masa da hankali, kuma abin kunya ne, amma haka aka yi.

Da rana tsaka ya yi aikin, mutane suna wucewa suna yi masa sannu, suna cewa ashe an sake gwaji. Shafi uku ya yi don kada ja ya leƙo. Da ya gama, hannunsa ya ɗauko farin fenti tun kafin ya yi tunani, ya zagaya zoben.

Bai faɗa wa kowa a gida ba.

*

Shekara ta zagayo. Auta ta daina ƙirga launuka. Ciwon ciki ya kama ta, ta rage magana, kalmomin da ta iya suka fara ɓace mata. Ran nan da safe ta faɗi a tsakar gida tana sanƙarewa.

A asibiti likita ya daɗe yana duba takardar gwaji kafin ya ɗago.

"Akwai dalma a jininta, da yawa. Ina kuke samun ruwan sha?"

"Famfon makaranta," mai fenti ya ce da sauri.

"A'a, Baban Auta, ai ya lalace tun wata goma da suka wuce. Kai da kake fita tun asuba, ina za ka sani? Wani tsoho ɗan garuwa yake kawo mana." Ta juya ga likita. "Amma ban yarda da shi haka kawai ba. Ranar farko na bi shi da ƙafata, da yarinyar a baya, har bayan layin dogo, don in ga famfon da idona. Shuɗi ne fes. Har da farin zobe a wuya. Ina ganinsa na ce wannan aikin mijina ne, shi ke nan hankalina ya kwanta."

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya kalli Auta a kan gado, an ɗaura mata ruwa, bakinta a buɗe.

Matar ta taɓa gefen rigarsa.

"Ko ba kai ka shafa shi ba?"

"Ni ne," ya ce da ƙyar.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara wa Auta zane.

"Ka ji ko, likita? Ka sake dubawa don Allah. Ba daga ruwa ba ne."